Karan da Na Cusa a Fitilar Kawu

Daga Allah muke, gare Shi kuma muke komawa ɗaya bayan ɗaya. Yau kwana arba'in ke nan da aka kira Kawu, yayan mahaifiyata, tsohon direban da ya koya mini riƙon sitiyari, ya kuma tsaya mini a matsayin uba ranar ɗaurin aurena. Ya cika da hantsi a zaurensa da ke Batsari, yana jingine da bango, bayan ya sha kunu ludayi uku ya ce ya ishe shi.

Kafin azahar tashar mota ta watse. Direbobi suka jera motocinsu a ƙofar gidan har layi ya kai bakin kasuwa, fasinjoji na ciki suna ta ƙorafi, babu wanda ya kula su. Matan Wagini masu kawo wake suka shigo da ƙorai a ka, tun daga zaure suka fashe da kuka. Wani tsohon makiyayi da ban san sunansa ba ya tsaya nesa da tabarma, ya dogara sandarsa, ya ce wa na kusa da shi, "Yanzu kam sai mu riƙa kauce wa kowace mota." Tsofaffin direbobi kuwa ko a zaman makoki ba su bar halinsu ba. Biyu suka kama musu a kan ko Kawu ya taɓa sa giya ta huɗu a rayuwarsa. Ɗaya ya rantse ya gani sau ɗaya da idonsa, ɗayan ya ce to lalle gangara ce. Aka yi 'yar dariya, sai kuma kowa ya tuna inda yake.

Iya, matarsa, sau ɗaya ta yi magana a ranar. Ta dubi sauran kunun ta ce a rufe kada ƙuda ya faɗa. Inna, mahaifiyata, ko hawaye ba ta yi ba, sai kai da kawo take tana shimfiɗa wa baƙi tabarmi.

Da aka fito da shi, liman ya juyo ya ce wa jama'a, wannan bawan Allah ya zauna da ku shekara da shekaru, duk wanda ya saɓa wa ya yafe masa. Sahu ya amsa baki ɗaya, mun yafe. Na amsa tare da su, amma idona yana can ƙarshen sahu, ina neman wani dogon tsoho mai malfa da muke kira Baffa. Ban gan shi ba.

Da muka dawo daga maƙabarta Inna ta ja ni gefe.

"Baffa bai zo ba?"

"Bai zo ba, Inna."

"Ka aika kau?"

"Tun da hantsi na tada mai babur har Tsaskiya. Baki da baki ya gaya mashi."

Sai ta ce, "To. Ɗan'uwana ya kwanta da haƙƙin mutum bisa kai." Sai a lokacin kuka ya zo mata.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Haƙƙin da Inna take wa kuka ba na Kawu ba ne. Nawa ne. Ya ɗaukar mini shi shekara goma sha ɗaya, har ya shiga kabari mutane suna ganin nasa ne. Amma bari in fara faɗa muku ko wane ne shi, don ba na so abin da za a tuna shi da shi ya zama laifina kawai.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannun rigarsa kullum a naɗe, aljihunsa kullum da sukundireba da goro. A babbar motar En'e, wato hukumar gargajiya, ya koyi tuƙi tun Turawa na nan. Ya sha ba mu labarin ranar da aka sami 'yancin kai. Shi yana kwance ƙarƙashin mota a hanyar Safana yana ɗaurin sifirin, wani ya zo a guje ya ce ƙasa ta zama tamu. "Na ce madalla, to a miƙo mani sifana." Daga baya ya bar En'e ya sayi akori-kura, tsohuwa tun ranar da ya saye ta, sitiyarinta a dama. Da ita ya yi sauran rayuwarsa yana jigilar gero da wake da mutane tsakanin Wagini da Batsari da Runka da Safana. 'Yan tasha suna ce mata Hajiya Sannu, shi kuwa bai taɓa jin haushi ba. Ni kuma Sarkin Gaggawa yake kirana, kuma Allah Ya sani bai yi mini ƙazafi ba.

Yana da maganganunsa da ya maimaita har muka haddace. "Mota ba ta da ido, naka take ara." Da kuma wadda ya fi so: "Fitila gaisuwa ce. In ka ɗaga ta cikin idon mutum, ka zage shi."

Ga wanda bai san mota ba, bayan kowace fitila akwai wata 'yar kusa mai zare, tsawon ɗan yatsa, da sifirin a jikinta, tana zaune cikin ɗan gurbinta. In ka murɗa ta nan fitila ta sunkuya, in ka murɗa can ta ɗaga kai. Kusar saiti muke ce mata. Direbobi da yawa har su sayar da mota ba su san tana nan ba. Kawu kuwa kusan kullum sai ya taɓa ta, kuma yana da hujja. Akori-kura in ka loda mata buhuna, bayanta zai zauna, hancinta ya ɗaga, haske ya bar hanya ya koma idon mutane da rassan itace. Saboda haka ya kafa wata doguwar rumfa a jikin katangar gidansa, ya kewaye ta da zana har ta yi duhu ko da tsakar rana, ya ja layi da ƙusa a jikin bangon daidai gwiwar saniya. Duk lodin da aka yi, sai ya shiga rumfar nan ya kunna fitila ya murɗa kusa har haske ya kwanta ƙarƙashin layi. Fasinja ya yi ta tsaki, shi ko a jikinsa.

A hanya kuma in ya hango mai jaki da almuru, yakan tsaya cak ya kashe fitila har jakin ya wuce, su gaisa, ya tambayi mutanen gida. Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, fitilun tsofaffin motoci duk suka zama suna haska idon mai tahowa. Kwana da kwanaki motoci suna layi a bakin rumfar Kawu yana karkata musu fitila, abin da ya karɓa kawai shi ne sannu da aiki. Makiyaya suka gane motarsa tun daga nesa. In suka ga haske biyu a ƙasa suna tahowa a hankali, ba su ko ɗaga sanda.

Faɗansa guda da na gani shi ma a kan fitila ne. Lokacin da kuɗin mai suka shigo, sababbin motoci suka cika hanya, kowane saurayi ya ƙara wa tasa fitilun ƙawa. Wani ya zo da bas sabuwa fil, fitila shida a gaba. Kawu ya zagaya ta sau biyu, ya zaro sukundireba, ya hau sunkuyar da su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya tambayi kowa ba. Mai bas ya fito daga wajen mai shayi yana kumfar baki.

"Baba, motarka ce?"

"A'a, taka ce. Amma idanun da za ka kashe na mutane ne."

Sai da sarkin tasha ya shiga tsakani. Wata uku ba su gaisa ba. Wannan mai bas, yanzu da furfurarsa, shi ya riƙe gaban makara har bakin kabari, ya ƙi bari a karɓe shi.

Baffa kuwa Bafillace ne, makiyayi, aminin Kawu tun suna samari. Wata damina motar En'e ta kafe a rafi bayan Runka, Baffa ya kawo bijimai huɗu suka fizgo ta. Tun daga nan ba su rabu ba. Duk ranar kasuwar Batsari Baffa a zauren Kawu yake sauka, ya rataye malfarsa, Iya ta dama musu fura da nonon da ya kawo, su yini suna tsokanar juna. Shi ya ce wa Kawu Kaɗo mai warin fetur, Kawu ya ce masa mai bin wutsiya. Ko layin nan na bango tare suka ja shi, don saniyar Baffa aka tsayar aka auna gwiwarta. In gurbin kusar saiti ya cinye, Baffa ke kawo ƙaho, Kawu ya sassaƙa sabo, ya ce ƙaho ya fi na kanti ƙarko. Mu duka Baffa muke ce masa, har Inna.

Ranar da abin ya faru ina da shekara ashirin da shida, saura wata biyu aurena, ina tuƙi tare da Kawu. Kaka ce, ranar kasuwar Batsari. Da safe muna dawowa daga Wagini a kan gargada kusar fitilar dama ta karye, fitilar ta riƙa rawa a gurbinta. Muna isowa aka ce maƙwabcinmu ya rasu. Kawu ya miƙo mini sukundireba ya ce, "Ciro ta ka kai ma maƙeri ya yi maka irinta. In ba ta samu ba mu kwana, gero ba ya ruɓewa." Ya tafi jana'iza.

Ni kuwa na ji labarin dangin wadda zan aura sun shigo kasuwa, ga sabuwar riga na sa, ga agogo a hannu. Zaman maƙera na awa biyu cikin hayaƙi bai yi mini ba. Ɗan manomi ne ni, mu a wajenmu duk abin da ya yi rawa kara ake cusa masa, ko ƙofa ce ko ƙotar fartanya. Na zari kara a jikin darni, na karya guntu, na cusa bayan kwanon fitilar, na ɗaure da robar tayar keke. Na shiga rumfa na kunna. Haske ya kwanta ƙarƙashin layi lafiya lau, har na yaba wa kaina. Motar ba ko buhu ɗaya a cikinta. Na wanke hannu na tafi kasuwa.

Bayan la'asar aka yi lodin gero zuwa Safana. Kawu ya dawo a gajiye, ƙafafunsa duk ƙasar maƙabarta, fasinjoji sun riga sun hau kan buhuna suna kiran yamma ta yi.

"Sarkin Gaggawa, an gyara?"

"An gyara, Kawu."

"Da kaya ka auna ko ba kaya?"

"Da kaya."

Ƙarya na yi, kuma ba ta ko yi mini nauyi a baki ba. Ya dube ni, ya dubi rana, ya shiga mota. A iya sanina ranar ce ta farko da ya yi lodi bai shiga rumfa ba, kuma don ya yarda da ni ne.

Muka yi magariba a Runka, muka tashi, ya kunna fitila. Tsakanin zafin ƙwan fitila da girgizar hanya karan ya riga ya murƙushe. Fitilar dama ta kwanta baya tana haska saman itatuwa, gefen hanya na dama ya zama duhu. Kawu ya ce, "Mi ke nan?" Ya ɗaga ƙafa, ya ce bari mu haye rafi mu tsaya. Ba mu kai rafin ba. A bakin burtali, inda shanu ke tsallaka hanya, garken Baffa na komawa ruga. Ɗansa na fari, ango ne a shekarar, yana tsaye a gefen dama yana tare su da sanda. Haske ya daki idon wani bijimi, ya zabura, ya ture shi kan hanya ta gefen da Kawu ba ya gani. Ba gudu muke ba, amma mota da lodi ba ta tsayawa inda aka ce ta tsaya. Na ji ƙarar a jikin ƙarfe, har yau ina jin ta.

Muka diro. Yana kwance, ƙugunsa ya juya, bai yi ko ihu ba. Baffa ya fito daga bayan garke. Wanda bai zauna da Fulani ba zai ce mutumin nan ba shi da zuciya, don bai je wajen ɗansa ba, bai ko dube shi ba. Ɗan fari ne, kuma a wajensu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane, ko da ciki na ƙuna. Sai ya zo ya tsaya gaban mota, yana kallon fitilar da har lokacin take haska saman wata tsamiya.

"Kaɗo, yau ka duba fitilarka?"

Kawu ya ce, "Ban duba ba."

Ina tsaye tsakaninsu, taku biyu. Kalma uku za ta isa, in ce ni na yi. Na buɗe baki, na tuna aurena, na tuna babu mai mota da zai ƙara ba ni makulli in aka ji na yi ƙaryar gyara, na rufe bakina.

Aka kai shi asibiti a Katsina, daga baya aka koma wajen maɗori. Ya rayu, amma ƙafar ta gajarce, ƙugun bai koma daidai ba. Saurayin da ke kai shanu mashaya tun asuba ya koma zaman tufkar igiya a gindin bukka.

Bayan mako biyu Kawu ya ɗauki liman da ƙwaryar goro muka je ruga ba da haƙuri. Baffa ya shimfiɗa mana buzu, ya sa aka kawo nono, ya gaishe mu gaisuwa mai tsawo kamar baƙin da bai taɓa gani ba. Da liman ya kawo maganar sai ya ce, "Ba komai, Malam. Yaron can Allah Ya kawo mashi tsautsayi." Liman ya ce duk da haka a furta yafiya, don zukata su huta. Baffa ya ce, "Ni ba a yi mani komai ba." Da zagi ya yi, ko ƙara ya kai, da an san inda za a kama. Amma kunyar ɗan fari ta hana shi cewa an cuce shi, wanda kuwa bai ce an cuce shi ba, ta ina za a roƙe shi? Kafin damina ya tashi da rugarsa daga bakin hanya ya koma can wajen Tsaskiya. Bai ƙara rataye malfarsa a zauren Kawu ba.

Washegarin zuwanmu ruga Kawu ya shigar da motar rumfa ya ce in riƙe masa tiren zuba kusoshi. Ya kwance zoben fitilar, ya zaro kwanon a hankali, ya cire waya. Ga robar nan, ga garin kara ya zubo masa a tafin hannu. Ya daɗe yana kallonsa. Na jira mari, wallahi da na ji daɗinsa. Sai ya hure hannunsa kawai ya ce, "Miƙo kananzir."

Guntun kusar ya karye ne a cikin gurbi, tsatsa ta riƙe shi. Ya jiƙa shi da kananzir ya bar shi ya kwana. Da safe ya kama shi da filaya, yana murɗawa kaɗan yana mayarwa, har ya fito. Ya kai wa maƙeri, ya zauna a kansa har aka fitar da zare daidai da na tsohuwar. Sifirin ya samo a jikin tsohon sirdin keke, ya yanke shi, ya gwada, ya sake yankewa. Gurbin ma ya tsage, sai an yi sabo. A nan ne na ga abin da ya karya mini zuciya. Ya buɗe gwangwanin da yake ajiye ƙahon Baffa, akwai saura guda biyu, ya dube su ya mayar da murfi. Ya tafi mahauta ya roƙo wani. Yini guda yana sassaƙa shi da wuƙa, ya huda da ƙusa mai zafi, warin ƙonannen ƙaho ya cika rumfa. Ya shafa giris, ya ɗaura, ya sa aka loda buhu goma sha biyu na maƙwabta don awo kawai, ya murɗa har haske ya kwanta. Kwana uku aikin ya ci, aikin da na so in gama cikin minti biyar.

Da ya gama na ce, "Kawu, zan tahi in gaya ma Baffa."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Mota tawa, ido nawa. Wanda ya hau bai duba ba shi ke da laifi. Tattara kayan nan."

Ba hana ni ya yi ba, in za a bi gaskiya. Amma na kama maganar nan na ɓuya a bayanta shekara goma sha ɗaya. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na sami motar kaina, mutane suna cewa hannun Kawu ne ya bi ni. Shi kuwa a tasha aka riƙa cewa ashe mai wa'azin fitila ma yana mantuwa. Ya ji, bai tanka ba. Bai ƙara taɓa fitilar kowa ba sai tasa, bai kuma ƙara faɗin maganar nan ta gaisuwa ba. Ni ma bai taɓa canza mini fuska ba, abin da ya fi damuna ke nan. Abu guda kawai, bai sake tambayata ko an gyara ba. Sai ya je ya duba da kansa.

Suna haɗuwa da Baffa a kasuwar shanu lokaci-lokaci. Kawu ya miƙa hannu biyu, Baffa ya ba shi ɗaya, a yi ina gajiya ina iyali, kowa ya wuce. Duk Sallah Kawu yana aika masa goro da turmin atamfa na matan ruga. Ana karɓa a yi godiya, a aiko da man shanu daidai ƙima, kamar yadda ake yi wa wanda ba a so ya fi ka alheri.

Shekaru uku na ƙarshe yanar ido ta rufe masa gani, ya ajiye tuƙi. Ranar kasuwa yakan sa a fitar masa da buzu ƙofar zaure. In ya ji takun shanu da muryar Fulani sai ya ɗaga kai ya ce, "Su wa ke wucewa?" In na faɗa masa, sai ya ce to, ya koma jan carbi. Bai taɓa kiran sunan wanda yake jira ba, ni ma ban taɓa nuna na gane ba. Kullum ina cewa sai mako mai zuwa.

Washegarin addu'ar bakwai na hau babur da sassafe na nufi Tsaskiya. Niyyata guda ce, in karɓo wa Kawu kalmar da aka hana shi, in kawo wa Inna ta ji sanyi. Na sami Baffa a gindin wata ƙirya, ya rame, gemu fari fat. Muka gaisa, ya tambayi gida da yara da hanya da ruwan bana. Ɗan nasa ya taso yana jan ƙafa ya ajiye mini ƙwaryar nono, ya koma gefe ya zauna. Baffa ya yi mini gaisuwar rashi, sannan da kansa ya ce, "Saƙonka ya iske ni. Na ɗauki sanda har na kai bakin rafi, na komo. Na san liman zai ce a yafe. Ban iya faɗi da baki abin da bai kai ciki ba, kuma bisa gawa."

Na ce, "Baffa, abin da ya kawo ni ke nan."

Na faɗa masa duka. Kusar da ta karye, jana'izar maƙwabci, sabuwar rigata, karan, da tambayar da Kawu ya yi mini da amsar da na ba shi. Ban rage komai ba. Ina magana ina kallon ƙasa, ina jin tsoro kamar ba mai 'ya'ya biyar ba.

Ɗan ne ya fara magana. Ya ce, "Ni na daɗe da bar ma Allah. Tashi, ba komai tsakaninmu." Da sauƙi haka, har na ji kunya ta ƙara rufe ni.

Sai Baffa ya ce, "Ya tambaye ka?"

"Ya tambaye ni."

"Ka ce da kaya."

"Na ce da kaya."

"Shi ya sani?"

"Tun ranar da ya buɗe fitilar."

Ya sa hannu ya dafe ƙasa kamar mai jin jiri. Na ce, "Baffa, don Allah ka yafe mashi, ko ni ba ka yafe mani ba. Inna ba ta barci."

"Yi shiru, ɗana." Ya ɗaga mini hannu. "Kai ba ka san abin da ka kawo mani ba. Shekarar da idonshi ya fara mutuwa, na gan shi a kasuwar Runka shina laluben hanya tsakanin shanu, shi kaɗai. Ya ji muryata, ya tsaya, ya kira ni. Sau uku ya kira ni, a gaban mutane. Na yi kamar ban ji ba, na zagaya ta bayan rumfuna. Na ce a raina, bari ya ɗanɗana duhu shi ma."

Hawaye suka zubo masa cikin gemu, bai share ba, bai kuma juya baya ga ɗansa ba.

"Da ka zo wancan wata, da na tahi ko da rarrafe in kama ƙafarshi. Ka bari sai da ƙasa ta rufe shi. Kai ka sauke naka, ka ji sanyi. Shi ba ya da laifi wurina, je ka gaya ma innarka. To ni fa? Ni wa zai yafe ma?"

Na zauna har rana ta take, nonon na nan ban taɓa ba. Da na yi sallama ɗan ne ya raka ni wajen babur.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa iyakar wahalarsa ke nan. Wanda duk ya karanta wannan ya yi masa addu'a, ina roƙonsa ya haɗa da tsohon nan na Tsaskiya. Jiya ɗansa ya aiko mini cewa tun ranar da na je abinci sai an matsa masa, kuma kullum da safe sai ya tambaya ko akwai mai zuwa Batsari, in aka kawo babur kuma ya ce a bari, wurin wa zai je.